Shin Black Sabbath masu bautar Shaiɗan ne? Tarihinsu da rigingimun da suka biyo su

Tambaya: "Ƙanena ɗalibin jami'a ne. Kwanan nan ya kamu da son wata ƙungiyar makaɗan Turawa mai suna Black Sabbath, har ya sayo rigarsu. Na ga hotunansu da baƙaƙen kaya da gicciye a wuya, kuma an ce mini matsafa ne masu bautar Shaiɗan, wai mawaƙinsu ma ya taɓa gatsa kan jemage. Don Allah su wane ne, kuma mece ce gaskiyar abin da ake faɗa a kansu?"

'Yar'uwa, tambayarki ta dace, kuma ba ke kika fara yin ta ba. Iyaye a Ingila da Amurka sun shafe fiye da shekara 50 suna yin irinta. Bari in fara ba ki amsar a taƙaice: mutum huɗun da suka kafa Black Sabbath ba su bauta wa Shaiɗan ba, ba su da ƙungiyar asiri, kuma yawancin waƙoƙinsu na farko da suka ambaci Shaiɗan tsoratarwa suke yi a kansa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Su da kansu suka zaɓi suna mai ban tsoro, kamfanin faifansu ya ƙara gishiri domin kaya su shiga kasuwa, sannan a rayuwarsu akwai munanan abubuwa na gaske waɗanda a ganina sun fi zancen tsafin cancantar a tsaya a kansu. Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne. Ni tarihin na sani, shi zan ba ki.

Ƙungiyar ta tashi ne a 1968 a unguwar Aston da ke birnin Birmingham na Ingila, unguwar talakawa ma'aikatan masana'antu, wadda har a lokacin ba ta gama farfaɗowa daga bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba. Samari huɗu ne: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bes, Bill Ward mai ganguna, da John Osbourne, wanda duniya ta sani da Ozzy, mai rera waƙa. An haifi uku daga cikinsu a 1948, Butler kuma a 1949. Ozzy ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a mayanka da kuma masana'antar kayan mota, ya kuma yi zaman mako shida a gidan yarin Winson Green saboda fasa shago. A daidai lokacin da matasan Kalifoniya ke rera waƙoƙin soyayya da furanni, waɗannan yaran hayaƙi da ƙarar ƙarfe suke tashi da su kullum. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin duhun kiɗansu ba.

Nauyin sautin nasu ma a masana'anta ya samo asali. Iommi yana ɗan shekara 17 yana aiki a wurin sarrafa falankin ƙarfe, a ranarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki ya rungumi kiɗa, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na zobe. Shi bahago ne, saboda haka hannun daman nan shi ne wanda yake danne tsirkiyar jita da shi. An gaya masa ya haƙura da kiɗa. Wani shugabansa a wurin aikin ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz da gobara ta lalata wa yatsu amma ya ci gaba da kaɗawa da yatsu biyu. Iommi ya narkar da robar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa kansa hulunan yatsu, ya lulluɓe su da fata domin su riƙe tsirkiya. Da yake dannawa da ƙarfi na yi masa zafi, sai ya koma amfani da siraran tsirkiyu, daga baya kuma ya riƙa sassauta su. Tsirkiya idan ta saki, sautinta yakan sauka ƙasa, ya yi kauri. A faifansu na uku, Master of Reality na 1971, ya sauke jitar sosai a wasu waƙoƙin, Butler ma ya sauke tasa don su daidaita, aka sami wannan rugugi mai cika kunne wanda dubban makaɗan hebi metal, wato salon kiɗan jita mai nauyi da ƙara, suke kwaikwayo har yau. Ni dai wannan sashe na tarihin shi ne ya fi taɓa ni, domin yaro ne da aka yanke wa ƙauna, ya ƙi yarda, kuma daga raunin nasa wani salon kiɗa ya fito.

Yanzu ga batun suna. Kafin su ɗauki wannan sunan ana kiransu Earth, suna kaɗa salon kiɗan blues a ƙananan mashaya na Ingila da Jamus. Da suka gano akwai wata ƙungiyar mai irin sunan, sai suka sauya a 1969, suka ari sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Mario Bava ɗan Italiya ya shirya, Boris Karloff ya fito a ciki. Kamar yadda su da kansu suke faɗa, sun lura mutane na bin layi a silima su biya kuɗi domin a tsorata su, sai suka ce me zai hana su yi kiɗan da zai yi wannan aikin. Waƙar da ta ɗauki sunan ƙungiyar an gina ta ne a kan wata tazara tsakanin sauti biyu wadda kunne ba ya natsuwa da ita, wadda masana kiɗan Turai na da suka yi wa laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Mutane da yawa suna kafa hujja da wannan laƙabin, alhali tazarar nan tana nan a kiɗan jaz da na gargajiyar Turai da na fina-finai, duk inda ake son a tayar wa mai sauraro da hankali.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, yawancin baitocin ba Ozzy ne ya rubuta su ba, Butler ne. Butler ya tashi a gidan Katolika 'yan asalin Ailan masu riƙo da addini sosai. Ba zan ɓoye miki ba, yana matashi ya shiga karance-karancen littattafan sihiri, ya yi wa ɗakinsa baƙin fenti, ya rataye gicciye a juye. Ya ce wata rana ya farka cikin dare ya ga wata baƙar siffa tsaye a ƙarshen gadonsa, ya firgita matuƙa, daga nan ya watsar da harkar. Wannan firgicin shi ne labarin waƙar da ta ɗauki sunan ƙungiyar: mutum ne ya ga abin tsoro, yana ihu yana roƙon Allah ya cece shi. A faifan Master of Reality akwai waƙar After Forever, wadda kai tsaye take kare imani da Allah, tana tambayar mai sauraro me ya tanadar wa ranar mutuwarsa. War Pigs kuma, ɗaya daga cikin waƙoƙinsu mafiya shahara, zagi ce ga shugabannin da ke kunna wutar yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, ta kuma ƙare da ranar hisabi inda waɗannan shugabanni ke neman gafara. An yi ta ne ana tsaka da yaƙin Biyetnam. Akwai waƙa guda a faifan farko, N.I.B., wadda aka sa magana a bakin Iblis yana neman soyayyar wata mace, kuma na fahimci duk wanda ya ji ta ya ƙi ta. Amma idan aka tattara baitocin faifansu shida na farko, abin da ya fi yawa shi ne yaƙi, makaman nukiliya, ƙwaya, taɓin hankali da tsoron azaba.

To ina zancen bautar ya fito? Faifansu na farko, wanda suka naɗa kusan duka a yini ɗaya a Landan cikin Oktoban 1969, kamfanin Vertigo ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa. A cikin bangon faifan kamfanin ya buga babban gicciye a juye, ba tare da ya shawarci makaɗan ba. Faifan ya kai mataki na 8 a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, duk da cewa 'yan jaridar kiɗa sun yi masa kaca-kaca. Daga nan masu harkar tsafi na gaske suka fara bibiyar su. Mambobin sun ba da labarin cewa wata ƙungiyar matsafa ta gayyace su wasa a dutsen tarihi na Stonehenge, suka ƙi, aka ce an yi musu baki. Mahaifin Ozzy, wanda maƙerin kayan aiki ne a masana'anta, shi ya ƙera musu gicciyen alminiyom su rataya a wuya don neman tsari bisa aƙidarsu ta Kirista. Gicciyen da kika gani a hotunan ke nan, kuma idan kika duba da kyau za ki ga a miƙe yake. Duk da haka ban wanke su tas ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sun ga tsoron na kawo kuɗi, sun bar shi ya ci gaba, kuma wasu bangayen faifansu na baya, kamar na Sabbath Bloody Sabbath na 1973 da na Born Again na 1983 mai hoton jaririn shaiɗan, da gangan aka yi su don su girgiza mutane.

Faifai na biyu, Paranoid, ya fito a Satumban 1970 ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Cikin shekara biyu yaran Aston sun zama attajirai a Amurka, kuma nan ne ainihin ɓarnar ta fara. A 1972 sun tare a wani katafaren gida a Los Angeles don naɗar faifai na huɗu, suka nutse cikin hodar iblis har suka so su raɗa wa faifan sunan wata waƙarsu da ke magana a kan hodar. Kamfani ya ƙi, aka kira shi Vol. 4. Butler ya sha faɗa cewa abin da suka kashe a hoda ya fi abin da suka kashe wajen naɗar faifan. A faifan da ya gabace shi ma akwai waƙar yabon tabar wiwi ƙarara. Wannan ba zargi ba ne, su ne suka faɗa da bakinsu.

Suna cikin wannan maye, ba su san inda kuɗinsu ke tafiya ba. A Afrilun 1974 sun yi wasa a bikin California Jam gaban mutum sama da 200,000, amma a wannan shekarar ce suka farga cewa, a cewarsu, gidaje da motocin da suke tsammani nasu ne suna ƙarƙashin kamfanin manajansu, Patrick Meehan. Aka shiga shari'a mai tsawo. Faifan Sabotage na 1975 an naɗe shi ne lauyoyi na shigo musu situdiyo da takardun sammaci, kuma fushin yana fitowa fili a muryar Ozzy. A wurina wannan faifan yana cikin mafiya kyau da suka yi, kuma shi ne na ƙarshe da mutum huɗun suka yi da cikakken ƙarfinsu. Biyun da suka biyo baya, na 1976 da na 1978, aikin gajiyayyu ne. A rangadin 1978 wata sabuwar ƙungiya daga Amurka, Van Halen, ita ke buɗe musu fage, kuma kusan kullum ita ke tafiya da zukatan 'yan kallo. A Afrilun 1979 aka kori Ozzy saboda giya da ƙwaya sun hana shi aiki. Bill Ward, babban amininsa a cikinsu, shi aka tura ya gaya masa. Ozzy ya daɗe yana cewa an zalunce shi tunda dukansu sha suke yi, kuma yana da gaskiya a nan: shi ma Ward bai kai ƙarshen rangadin 1980 ba giya ta kayar da shi.

Labarin jemage gaskiya ne, amma ba a Black Sabbath ya faru ba. Ranar 20 ga Janairun 1982 ne, a birnin Des Moines na jihar Iowa, kusan shekara uku bayan an kori Ozzy, yana wasa da tasa ƙungiyar. Wani ɗan kallo ya jefo jemage kan dandamali, Ozzy ya ɗauka ya gatsa, ya ce ya zaci na roba ne. Daga wurin aka wuce da shi asibiti, aka yi ta yi masa alluran rigakafin ciwon haukan kare. Wanda ya fi wannan muni shi ne na 1981, lokacin da ya gatse kan kurciya mai rai a taron jami'an kamfanin faifai a Los Angeles, yana cikin maye. Ba tsafi ba ne, rashin hankalin mashayi ne da neman suna, kuma zalunci ne ga dabba. Abin da ya fi duka tayar mini da hankali kuwa ba a cika ambatonsa ba: a 1989 'yan sanda sun kama shi bayan ya shaƙe matarsa Sharon yana buge, har ya kusa kashe ta. Ta janye ƙara, aka tura shi gidan gyaran masu shaye-shaye. Duniya ta riƙe jemage tana dariya ta manta da wannan, kuma ina ganin hakan bai dace ba.

A shekarun 1980 tsoron bautar Shaiɗan ya mamaye Amurka, kiɗan metal ya zama abin nuni da yatsa. A 1985 wata ƙungiyar matan manyan 'yan siyasa, ciki har da Tipper Gore, ta fitar da jerin waƙoƙi 15 da ta ce sun fi lalata tarbiyya, har wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kai a watan Satumba. Daga wannan gwagwarmaya aka sami tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a faifai. Black Sabbath na cikin jerin da waƙar Trashed, kuma ki lura, an sa ta ne a rukunin giya da ƙwaya. A daidai wannan lokaci iyayen wani matashi ɗan shekara 19 a Kalifoniya, wanda ya kashe kansa a 1984, suka kai Ozzy kotu suna cewa waƙarsa Suicide Solution ce ta ingiza ɗansu. Ozzy da marubucin baitocin suka ce waƙar a kan yadda giya ke kashe mai shan ta take. Kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1988. A 1990 aka yi makamanciyar shari'ar da ƙungiyar Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, a birnin Reno, bisa zargin ɓoye saƙo a cikin faifai wanda aka ce ya ingiza wasu matasa biyu suka harbi kansu, nan ma alƙali bai same su da alhakin abin da ya faru ba. Ina tausaya wa iyayen nan ƙwarai. Wanda ya rasa ɗa dole ya nemi dalili. Amma a shari'ar Reno an ji shaidar cewa matasan na fama da shaye-shaye da matsaloli tun kafin ranar.

A nan zan ba ki shawara game da ƙaninki. Kada ki fara da yaga riga. Ki zauna da shi, ku buɗe baitocin a intanet ku karanta tare, ki tambaye shi me ya ja shi. Sau da yawa za ki ji ƙarfin jitar ne kawai. Sannan ki san cewa metal gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma akwai waɗanda suka ɗauki abin da Black Sabbath suka yi a matsayin wasan tsoro suka mai da shi aƙida. A farkon shekarun 1990 wasu matasa makaɗa a Norway sun ƙona coci-coci, ciki har da tsohon cocin katako na Fantoft a 1992, har da kisan kai a tsakaninsu, wasunsu kuma suna ɗauke da aƙidar fifita farar fata. Idan kika ga ya karkata can, ko kika ga yana ɗaukar rayuwar maye ta Ozzy a matsayin burgewa, to a nan ne ya kamata hankalinki ya tashi.

Mu koma ga ƙungiyar. Bayan Ozzy sun ɗauko Ronnie James Dio, Ba'amurke ɗan asalin Italiya mai murya kamar ƙararrawa, suka fitar da Heaven and Hell a 1980, faifan da ya dawo musu da martaba. Dio ne ya yaɗa alamar nan ta ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa, wadda ake cewa ƙahon Shaiɗan ce. Shi ya ce a wurin kakarsa ya gan ta, tsofaffin Italiya na yin ta don kare kai daga mugun ido. Zaman bai daɗe ba. A 1982, wajen tace faifan wasansu na kai tsaye, aka zargi Dio da shiga situdiyo a ɓoye yana ƙara sautin muryarsa. Ya musanta, ya tafi da mai ganga Vinny Appice. Daga nan ƙungiyar ta zama tasha, wannan ya shigo wancan ya fita. Mawaƙi Ian Gillan na ƙungiyar Deep Purple ya yi faifai ɗaya da su a 1983. Faifan 1986 Iommi ya yi shi ne da niyyar nasa na kansa, manaja da kamfani suka matsa aka liƙa masa sunan Black Sabbath domin sunan ne ke sayarwa. A lokacin shi kaɗai ya rage cikin huɗun farko.

A wannan zangon ne suka yi abin da ni, a matsayina na ɗan Afirka, na fi riƙe su da shi. A 1987 Iommi ya amince ya kai ƙungiyar wasa Sun City, wurin shaƙatawa da caca da ke Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ware ta kira su ƙasashe masu 'yanci don ta raba baƙar fata da 'yancin zama 'yan ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta yi kira ga masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar, kuma a 1985 mawaƙa da dama sun haɗu sun yi waƙa takanas suna cewa ba za su taka Sun City ba. Nelson Mandela yana kurkuku. Shekara guda kafin nan Nijeriya da wasu ƙasashe da dama sun ƙaurace wa wasannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Edinburgh saboda Birtaniya ta ƙi ƙaƙaba wa gwamnatin wariya takunkumi. Ba wanda zai ce bai san halin da ake ciki ba. Mai gangarsu na lokacin, Bev Bevan, ya ƙi zuwa, aka nemo wani aka tafi. Ba su kaɗai suka yi ba, ƙungiyar Queen ma ta je a 1984, amma yawan masu laifi ba ya rage laifi. Ƙungiyar da ta yi suna da zagin azzaluman shugabanni ta je ta nishaɗantar a inuwar zalunci saboda tana cikin matsin kuɗi. Masu neman Shaiɗan a bangon faifai ba su cika tuna wannan ba.

Akwai kuma yadda aka yi da Tony Martin, mawaƙin da ya riƙe su daga 1987, ya yi faifai biyar da su, ciki har da Headless Cross na 1989. Da Dio ya nuna zai dawo a farkon shekarun 1990 aka ajiye Martin gefe. Dio ya yi faifan Dehumanizer a 1992, sannan ya ƙi yarda ya hau dandamali a matsayin mai buɗe wa Ozzy fage a birnin Costa Mesa na Kalifoniya, har sai da aka roƙi Rob Halford na Judas Priest ya rera a madadinsa. Aka sake kiran Martin, ya dawo, aka sake ajiye shi da maganar haɗuwar mutum huɗun farko ta taso a 1997. Faifansa sun yi shekaru ba a samun su a kasuwa, sai a 2024 aka sake fitar da huɗu daga cikinsu.

Haɗuwar 1997 ta kawo kuɗi da girmamawa: kyautar Grammy a 2000, shiga zauren girmama mawaƙan rok na Amurka a 2006. Amma rigima ba ta ƙare ba. A 2009 Ozzy ya kai Iommi kotu kan mallakar sunan ƙungiyar, suka sasanta a 2010, shekarar da Dio ya mutu da ciwon dajin ciki. A Nuwamban 2011 huɗun suka sanar za su yi sabon faifai. Cikin watanni biyu aka gano Iommi na da ciwon daji, sannan Ward ya fito ya ce kwantiragin da aka miƙa masa ba mai sa wa hannu ba ne. Ozzy ya ce lafiyar Ward ce ba za ta ɗauki rangadi ba, Ward ya musanta ya nemi a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Ni ina ganin an yi wa Ward rashin adalci, domin salon gangarsa mai ɗanɗanon jaz, wanda ke tafiya yana lilo maimakon duka kai tsaye, kashi ne babba na abin da ya sa faifan farko suka bambanta da na masu kwaikwayonsu. Aka yi faifan 13 ba shi a 2013, Brad Wilk ya kaɗa ganga, Iommi yana aiki yana karɓar magani. Faifan ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya, shekara 43 bayan Paranoid, ya kuma zama na farkonsu da ya hau na ɗaya a Amurka. Suka rufe rangadin ban kwana a Birmingham ranar 4 ga Fabrairun 2017, nan ma ba Ward.

Sai a 2025 aka gyara wannan. Ozzy, wanda ya bayyana a 2020 cewa yana da cutar karkarwar jiki ta Parkinson, ya kai matsayin da ba ya iya tafiya. Ranar 5 ga Yuli aka shirya wasa a filin ƙwallon Villa Park, cikin unguwar Aston inda suka tashi, manyan ƙungiyoyin da suka koyi sana'a daga gare su, irin su Metallica da Slayer da Pantera, suka zo suka yi wasa kafin su. Ozzy ya rera a zaune kan kujera, Ward yana da shekara 77 ya koma kan gangunansa, karo na farko cikin shekara 20 da huɗun suka yi wasa tare. Waƙa huɗu suka yi. An ware ribar wasan ga asibitin yara na Birmingham, da gidan kula da yara marasa lafiya na Acorns, da wata gidauniyar binciken maganin Parkinson. Ozzy ya mutu ranar 22 ga Yulin 2025, kwana 17 bayan wasan, yana da shekara 76.